Ƙarfen Somadina a Kan Benen Alhaji

Sunan Somadina a bakin kakata na fara jin sa, ina ƙarama, ran da aka aike mu shanya a saman bene. Akwai wani dogon ƙarfe da aka kafa a kusurwa, an ɗaɗɗaure shi da wayoyi, a samansa wani abu mai kama da ragar gasa nama yana kallon Kakuri. Na kai hannu zan rataya zane, sai Hajiya, kakar tawa, ta daka min tsawa daga tsakar gida: "Ke Bilkisu, kar ki taɓa min ƙarfen Somadina!" Na daɗe ina zaton Somadina sunan irin ƙarfen ne, kamar a ce tagulla ko dalma. Sai da na yi wayo na san mutum ne, yana da mata da 'ya'ya, da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Abin da zan rubuta a nan na tattara shi ne daga bakin Hajiya, da ƙanin mahaifina Baffa Anas, da matar Somadina, da shi kansa.

An haife shi a Kakuri, a wani gidan haya bayan masaƙa, zamanin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa da safe. Mahaifinsa Emeka makaniken injin saƙa ne, ya zo daga gabas tun yana saurayi. Somadina ya koyi Hausa a bakin famfo da filin ƙwallo, har ta fi Ibo zama a bakinsa. In ya je garinsu da Kirsimeti dariya ake yi wa Ibonsa, in ya sauka a tashar Television kuwa sai ya ce ya dawo gida. Rikicin da ya raba garin ya kwashe 'yan uwansa da yawa, wasu suka koma Sabon Tasha, wasu gabas gaba ɗaya. Shi bai tashi ba. Ya yi aiki a sashen lantarki na masaƙa har aka rufe ta. Daga nan ya gyara rediyo, ya gyara janareto, ya yi wa wani kafe na intanet gadi da gyara a haɗe, kuma a can ne ya fara kwance kwamfuta yana leƙa cikinta. Ya auri Onyinyechi, mai kitso a bakin titi, ya kama wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba.

Sana'ar da ya zauna a kanta ita ce raba intanet. A lokacin wayar hannu ba ta yi wannan ƙarfin ba, duk mai son cike fom ko aika saƙo sai ya nemi kwamfuta. Somadina ya ɗauko layi biyu daga kamfanoni biyu. Ɗaya babba ne, mai sauri. Ɗaya ƙarami, na faifan tauraron ɗan'adam, wanda ko hadari ya haɗu sai ya fara rarrafe. Ya haɗa su biyun a jikin wata tsohuwar kwamfuta da ba ta da murfi, ya kafa mata fanka a gefe, daga ita yake rarraba wa shaguna da gidaje. Tsohuwa yake kiranta, kowa ma ya bi shi.

Ga yadda ya yi min bayanin aikinta. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule, yayyanka shi ake yi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin wanda ya aiko da na inda za shi. Aikin Tsohuwa ta ce wannan ya bi babban layi, wancan ya bi ƙarami. Ba ta san kowa ba, lamba kawai take gani. Sai ta ɗauki lambar adireshin mai aikowa, ta cakuɗa ta da wani lissafi, abin da ya fito shi zai nuna layin da zai bi. Lamba ɗaya kullum amsa ɗaya take bayarwa. Don kada ta riƙa maimaita lissafin a kan kowane ƙulli, sai ta ajiye amsar a ƙwaƙwalwarta: wane, hanyarsa kaza. Ba ta mantawa sai mutum ya yi shiru na wani lokaci. Somadina da kansa ya tsara ta haka, kowa ya zauna a layinsa, saboda shafukan banki da na jarrabawa korar mutum suke yi in ya sauya hanya yana tsakiyar aiki.

Da Kakuri ta cika, sai ya hango Makera. Amma eriya tana son tudu, kuma babu abin da ya fi benen kakana tsawo a wajen. Kakan nawa, Alhaji Zakariyya'u, dillalin atamfa ne tun zamanin masaƙa, mutum ne mai ƙarancin magana. Somadina ya same shi a ƙofar gida bayan azahar, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Emeka makanike, Alhaji."

"Emeka mai jar hula? Ai ubanka Alhaji yake ce min tun ban san hanyar Makka ba. Me kake so?"

Ya faɗi abin da yake so. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi benen kamar yau ya fara ganin sa, sannan ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, ta tsanin waje za a riƙa hawa, kuma ba a hawa sai an sanar da mata. Na biyu ya faɗe shi a hankali: "Abin da za ka ba mutanenka, shi za ka ba nawa. Ran da na ga ba haka ba, ƙarfenka zai sauka."

Sharaɗin farko Somadina bai taɓa saɓa shi ba. Har yau Hajiya tana kwaikwayon muryarsa daga bayan katanga: "Gafaranku dai masu gida, za a hau sama!" Sai ya jira a ce masa ya hau, ya hau kansa a sunkuye, ya juya wa tsakar gida baya har ya gama.

Na biyun ne ya zo da magana, kuma ladabinsa ne ya jawo. A Kakuri, duk wanda ya ɗauki layi, Somadina yakan shiga shagonsa ko falonsa, ya zauna gaban kwamfutar, ya saka mata adireshinta ita kaɗai, wani lokaci har ya ci abinci a gidan. A Makera kuwa zaure ne iyakarsa. Ba wanda ya ce masa kar ya shiga, shi dai a nan ya tashi, ya san namiji baƙo ba ya wuce zaure. Sai ya nemi dabara. Ya ajiye wani ɗan akwati a zauren Alhaji, eriyar sama ta sauko cikinsa, daga shi wayoyi suka fita. Kowane gida masu gidan ne ke jan wayarsu ciki su jona da kansu, akwatin ya ba su lambobi na cikin gida. In saƙonsu zai fita zuwa Kakuri, akwatin sai ya tattara su duka ya tura da sunansa shi kaɗai. Aiki ya yi kyau, ba a shiga gidan kowa ba, kowa ya yaba.

Da rani ba a lura sosai ba. Mutanen Makera sun ɗauka haka intanet take, ka danna ka je ka sha ruwa ka dawo. Akwai mai kemis, akwai ofishin wata Islamiyya, akwai gidaje masu ɗalibai, da matan da mazajensu ke aiki a waje suna aiko hotuna. Gidaje suka yi ta ƙaruwa, abu ya yi ta nauyi. Baffa Anas ya buɗe shagon buga takardu da cike fom a ƙasan benen, shi ne ya fi kowa kira. Somadina yakan zo a babur, ya hau sama ya gyara fuskar eriya, ya sauya waya, ya hura ƙurar akwati, ya tafi yana mamaki. A shagonsa komai lafiya yake gani. Mutanen Kakuri ma wasu suna kuka da ƙaramin layi, don haka ya ɗauka rabo ne, wani ya dace wani bai dace ba.

Damina ta shigo, aka buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ranar da za a rufe, shagon Baffa Anas ya cika da ɗalibai tun safe, shafin ya ƙi buɗewa. Baffa ya bar su ya hau Keke zuwa Kakuri, ya shiga kafen Madam Ngozika, wadda ke tsallaken titi da shagon Somadina kuma ta fi kowa yawan kwamfutoci a cikin masu ɗaukar layinsa. Ya zauna kamar kowane baƙo ya danna. Kafin ya gyara zama shafin ya buɗe.

Bai tsallaka wurin Somadina ba. Gida ya koma ya faɗa wa Alhaji. Abin da ba wanda ya zata, Alhaji ya ce a tsayar masa da Keke. Rabonsa da wannan ɓangaren na Kakuri tun kafin a rufe masaƙa.

Somadina yana cin dafaffen masara sai ya ga inuwa a ƙofa. Ya miƙe da sauri, ya share benci da hannun rigarsa. Alhaji ya zauna ya dogara sandarsa. Baffa Anas ya ƙi zama.

"Oga Soma, mu fa ba makafi ba ne," in ji Baffa. "Da ƙafata na shiga wurin Madam. Abin da yara ke jira tun safe a wurina, can kamar an buɗe famfo."

"Anas, na rantse maka injin nan bai san kowa ba. Lissafi yake yi."

"To lissafin coci yake zuwa?"

"Anas," in ji Alhaji. Baffa ya ja da baya. Alhaji ya juyo ga Somadina. "Ka tuna abin da na ce maka a ƙofar gidana. Ban zo faɗa ba. Nuna min abin da take yi. In la'asar ta yi muna haka, Anas zai hau ya kwance ƙarfen."

Somadina ya san abin da wannan ke nufi. Rabin sana'arsa a kan benen nan take. Amma ya ce min ba wannan ne ya fi tsaya masa a rai ba. In ƙarfen ya sauka, daga Makera har Nasarawa labari ɗaya za a bayar, cewa ɗan Emeka ya ci amanar Alhaji ya fifita nasa, kuma babu bakin da zai iya gyara wannan.

Ya jawo allon kwamfutar kusa da benci, ya buɗe ƙwaƙwalwar Tsohuwa. Lambobi suka jero, kowace da layin da aka ba ta. Ya fara nunawa da yatsa. Wannan Madam ce, wannan ma ita ce, wannan mai sayar da taya, wannan gidan Tony. Wasu a babban layi, wasu a ƙarami, a cakuɗe. Yana nunawa yana samun ƙwarin gwiwa.

"To ina namu?" in ji Alhaji.

Somadina ya gangara yana nema. Ya wuce, ya dawo. Lamba ɗaya ce tak. A gabanta an rubuta ƙaramin layi. Kayan da ke bin ta kuwa sun fi na kowa a allon.

Ya daɗe yana kallon ta. Shi ya ajiye akwatin da hannunsa, shi ya tsara lissafin da hannunsa, amma bai taɓa haɗa su biyun a ransa ba. Da ya buɗe baki, sai ya kama misalin tasha, don ya san Alhaji ya sha lodin atamfa.

"Alhaji, kamar ɗan kamasho ne mai motoci biyu, babba da ƙarama. In fasinja ya zo sai ya dubi lambarsa ya ce hau wannan, kuma ya riƙe fuskarsa, gobe ma can zai tura shi. Mutanen Kakuri ɗai-ɗai suke zuwa, sai su rarrabu. Ku kuwa akwatin zaure ne ke zuwa a madadinku. Sai ya ga fasinja ɗaya, ya tura shi ƙaramar mota, bai san kayan unguwa guda ne a kansa ba."

"Wato mu duka mutum ɗaya ne a wurinta."

"Haka ne, Alhaji."

"To ba ita ta fara ba," in ji Alhaji. "Me ya sa ba ka ba kowa lambarsa ba, yadda ka yi wa naka?"

"Sai na shiga gidajen, Alhaji. Sai na zauna gaban kowace kwamfuta. Wasu a ɗakin mata suke."

Baffa Anas ya ɗan kawar da kai. Daga baya ya ce, "To yanzu fa? Yara na can suna jira."

Gyaran gaskiya ba na yini ɗaya ba ne, amma akwai na gaggawa. Somadina ya rubuta wa Tsohuwa sabon umarni, cewa lambar Makera ta koma babban layi. Ya ce wa Baffa ya kira shago. Baffa ya kira, ya saurara, ya sauke wayar yana murmushin da ba na daɗi ba. "Yadda yake, haka yake."

Somadina ya koma kan allon. Ya duba, umarnin yana nan daidai. Sai ya gane. Tsohuwa ba ta sake lissafi a kan wanda ta riga ta riƙe, abin da ke ƙwaƙwalwarta take bi. Ba ta mantawa sai mutum ya yi shiru, Makera kuwa ba ta taɓa shiru ba, in wannan ya tashi wancan ya zauna. Hanya ɗaya ya sani, ya share ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ta fara daga farko. In ya yi haka, duk wanda ke tsakiyar aiki zai yanke, na Makera da na Kakuri, kuma shafin jarrabawa ba ya barin wanda ya faɗo ya koma inda ya tsaya. Sai ya sake cike fom daga farko, a rana irin wannan.

Bai so ya yi a ɓoye ba. Ya leƙa ƙofa ya yafito Madam Ngozika. Ta tsallako tana share hannu da zane, ta gaida Alhaji a tsaitsaye, ta saurari bayanin. Da Ibo ta amsa, amma Baffa ya ce ko kurma ya san me take faɗi. Sannan ta juya Hausa don kowa ya ji.

"Ka yanke me? Yara sun cika min shago, wasu sun kai wurin saka hoto. Ka bari sai gobe mana!"

"Gobe an rufe, Madam," in ji Baffa. "Nawa ko shafin farko ba su gani ba."

"Ni na hana su? Soma, ni na fara ɗaukar layinka lokacin da ba wanda ya san ka. Ka dube ni da kyau."

Ya dube ta. Ya dubi Alhaji, wanda ke kallon fankar Tsohuwa kamar ba da shi ake ba. Ya ce min a wannan lokacin ya yi ta neman wata hanya ta uku a kansa, bai samu ba. Ya ce mata, "Madam, ki je ki ce duk wanda zai iya turawa ya tura yanzu. Zan jira ki ɗaga min hannu."

Ta juya ta fita. Ya tsaya a ƙofa yana kallon tsallake. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta ma leƙo ba. Da rana ta fara karkata ya koma ciki ya zauna, ya rubuta umarnin, ya danna.

Allon ya zama fayau. Daga tsallaken titi aka ji ihun ɗalibai a tare. Sai lambobi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, Tsohuwa tana yi wa kowa lissafi kamar yau ta fara ganin sa. Ta Makera ta fito, a gabanta babban layi. Wayar Baffa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ce, "Ya buɗe? To ku yi sauri." Ya fita ko sallama bai yi ba. Alhaji ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wannan na yau ne. Ina jiran na kullum."

Yawancin yaran Madam sun samu sun koma kafin a rufe, duk da babban layin ya yi nauyi da Makera ta hau shi. Ba duka ba. Wata yarinya mai suna Tracy ta kai shafin ƙarshe aka yanke ta, ba ta sake samun shiga ba, sai da ta jira wata shekarar. Somadina ya je gidansu ya ba da haƙuri, uwarta ta saurare shi a tsaye ta rufe ƙofa. Lokacin da yake ba ni labarin, sunan yarinyar ne kaɗai ya faɗa sau biyu. Madam Ngozika ta cire wayarsa daga shagonta ta koma wani kamfani. In ta hango shi sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam Somadina, an yi sallah?" 'Yan Kakuri suka ɗauka suna tsokanarsa da shi. Mutanen Makera suka ji ana faɗa, su ma suka ɗauka, su kuma da gaske. Haka sunan ya zauna.

Na kullum ɗin da Alhaji ke jira, Onyinyechi ce ta yi shi. Ita ta kawo shawarar suna cin abinci. "Kai ne ba ka shiga," ta ce. "Ni wa zai hana ni?" Ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba. Ta rufe wurin kitsonta, ta ari mayafi wurin Hajiya, ta maƙala waya a kunne. Shi yana zaune a zaure kan tabarma, ita tana ciki, yana faɗa mata abin da za ta danna.

Hajiya ta ce ba ta taɓa dariya irin ta wannan makon ba, don ita ke raka ta gida-gida. Daga ɗaki ana jin Onyinyechi: "Na ga wani abu kamar talabijin biyu sun rungumi juna." Daga zaure ana jin sa, ba ma sai da waya ba: "Shi ne, danna shi! A'a, ba na jan ba!" Ta ce, "Ka daina min ihu a gidan mutane, ni ba yarinyar shagonka ba ce." Matan gida su kwashe da dariya, a kawo mata fura, a miƙa masa tasa a zaure. Wani gidan kafin ta saka lamba sai ta tsefe wa amarya kai ta gyara mata. Da aka gama zagayen, ta samu masu son kitso a Makera fiye da masu intanet da mijinta ya samu, kuma ta riƙa faɗa masa haka har gaban baƙi.

Da aka saka wa gida na ƙarshe lambarsa, Somadina ya sauya aikin akwatin zaure, ya bar shi yana wuce da saƙon kowa da sunan mai shi. Sannan ya cire umarnin gaggawan da ya ɗora Makera a babban layi. Ya ɗauko ƙaramar kwamfuta ya kawo wa Alhaji har ƙofar gida ya nuna masa. Ga mai kemis, ga Islamiyya, ga Anas, ga gidan wane, wasu a babba, wasu a ƙarami, a cakuɗe da na Kakuri ba a gane na wane ɓangare ne.

"Wato yanzu in hadari ya haɗu, can ma ana kuka, nan ma ana kuka?"

"Ko'ina, Alhaji."

"To madalla."

Shagon Baffa Anas a ƙaramin layi lissafin ya jefa shi. Ya yi mita, ya ce a sauya masa. Alhaji ya ce ba za a taɓa ba. Ƙarfen bai sauka ba.

Abin da ya kashe sana'ar ba rigima ba ce. Wayoyin hannu ne suka yi ƙarfi, kowa ya koma sayen data a aljihunsa. Gidaje suka riƙa cire waya ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, sai dai a ce masa an gode. Wata rana ya kashe Tsohuwa ya ɗora ta a saman kabad, fankarta ya kai gida. Yanzu sola yake sakawa da kyamarorin tsaro, daga Kakuri har Sabon Tasha, gashinsa ya yi fari, babur ɗin ma ya sauya. Da Madam Ngozika suna gaisawa a coci, iyakarta ke nan. Onyinyechi har yau tana zuwa kitso Makera ranar Alhamis.

Ƙarfen yana nan a kan bene, ba ya kama komai. Ya yi tsatsa, ragar samansa ta karkace, igiyar shanyarmu a jikinsa take ɗaure, Hajiya ma ta daina hanawa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun sha tambaya, Alhaji yana raye yakan ce ba nasa ba ne balle ya sayar.

Da Alhaji ya rasu, Somadina ya zo ta'aziyya, ya zauna a zauren nan, daidai inda akwatin yake a da. A ranar ya ji su Baffa suna maganar rushe saman benen a yi ɗakunan haya. Ni aka aiko in miƙa ruwa. Na ajiye zan juya, ya ce, "Ke ce Bilkisu? Matata ta ce ke ce mai tambaye-tambayen gidan nan." Na ce ni ce. Ya karɓi wayata ya saka lambarsa da kansa, ya miƙo min.

"Baffanninki mantuwa gare su," ya ce. "Ran da za a sauke ƙarfen nan, ki kira ni. Kar ki bari wani ya hau. Ni na ɗora shi, ni zan sauke, kuma sai na yi sallama tukuna."